Farar Kazar Alhajin Tailan

Har yau ban manta da ƙarfe huɗu da minti ashirin na wata ranar Laraba ba, cikin damunar 1987. Na idar da sallar La'asar a ɗakin da ake ajiye zannuwan gado, ina naɗe darduma, sai na jiyo ƙarar mai a kasko daga kicin. Duk wanda ya yi aikin girki ya san ƙarar albasa daban, ta dankali daban, ta nama daban. Wannan ta kaza ce. Kaza ɗaya ce tak a kicin ɗin a ranar, ita ce wadda na dafa na bari a faranti tana shan iska, kuma ba ta suya ba ce.

Ku da kuka same ni a nan wurin aiki ina ɗaga murya ba za ku yarda ba, amma a lokacin nan sai in wuni ban yi magana goma ba. Ina shekara ta biyu a sashen koyon girki da kula da masauki, sai makaranta ta tura ni koyon aiki na wata huɗu a masaukin baƙi na wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse a Mando. Ƙaramin wuri ne, ɗakuna shida, sai bishiyoyin mangwaro da gwanda a baya. In jirgin sojan sama ya tashi, har murafan tukwane sai sun motsa. Kullum daga gidanmu a Unguwar Shanu nake zuwa Kawo, motar ma'aikata ta ɗauke mu, ta kuma mayar da mu ƙarfe bakwai na yamma.

Bari in faɗi yadda tsarin yake, don waɗanda ba su san aikin ba. A sama akwai manaja, Malam Garba, shi ke hulɗa da kamfani. Amma daga ƙofar kicin zuwa ciki, mulkin babban kuku ne, wato Baba Audu. Basakkwace ne, ya yi wa Turawa girki tun yana saurayi, ya yi wa hafsoshin soja, kuma duk daɗewarsa a Kaduna harshensa bai juya ba. Sai mataimakiyarsa Ladi, mutuniyar Kafanchan, mai dariya kamar an biya ta. Ɗalibi kuwa, ƙa'ida ita ce ya zaga kowane sashe: wanke-wanke, yanka kayan miya, haɗa miya, sannan murhu. A ƙarshe babban kuku ne zai shaida wa makaranta cewa ka tsaya a murhu ka dafa wa baƙo abinci. In bai shaida ba, sai ka maimaita watannin nan a wata shekara.

Ni kuwa na maƙale a wajen albasa. Baba Audu yana sona, yana ce mini Malama saboda littafin da ba ya rabuwa da jakata, amma bai ga alamar hannun da ya saba da biro zai iya riƙe ludayi ba. Ni kuma ban iya buɗe baki in roƙa ba. Saura 'yan makonni in gama, ban taɓa kunna murhun ba.

Ana cikin haka aka kawo mana wani injiniya ɗan ƙasar Tailan, Musulmi daga kudancin ƙasarsu, sunansa Isma'il. Ma'aikata suka sa masa Alhajin Tailan, ko da yake ya sha faɗa mana bai je Makka ba tukuna. Mutum ne siriri mai yawan sunkuyar da kai in zai gaisa. Ya je aiki wani ƙauye ya kwaso zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya ƙi dawowa. Duk tiren da aka kai masa haka yake dawowa, an ɗan taɓa gefen shinkafa don kara, shi ke nan. Baba ya yi masa farfesu, ya yi gasasshiyar kaza irin ta Turawa, ya yi dafa-duka da hanta. Malam Garba kuwa ya sha wuya ya samo buhun shinkafar Tailan, lokacin ma an hana shigo da ita, yana ta alfahari cewa mutum zai ci abin garinsu. Duk a banza. Ranar Talata kamfani ya aiko cewa in bai fara cin abinci ba zuwa safiyar Alhamis, za a mayar da shi babban otal a cikin gari.

Mai kai abinci ɗakuna yana hutu, Turancin Ladi kuma na kasuwa ne, sai manaja ya ce in raka ta in karanta wa baƙon jerin abincinmu ya zaɓa. Na tsaya daga bakin ƙofa na karanta. Kowanne sai ya ce ya gode. Na juya zan tafi, sai na tuna wani abu da na taɓa karantawa a ɗakin karatu game da ciyar da majinyaci. Ban san lokacin da tambayar ta fito ba.

"Ranka ya daɗe, in ba ka da lafiya a gida, me mahaifiyarka take dafa maka?"

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya gyara zama a kan gado, ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun zuwansa.

Tukunya ɗaya ce, in ji shi. A cire kitsen kaza da ɗan fatarta a narkar. A zuba dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta a cikin man, in sun yi ƙamshi a zuba wankakkiyar shinkafa a juya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. A sa ruwa da gishiri, a jera kazar a kai, a rufe, a rage wuta, kada a buɗe. In ta nuna a yanka kazar sirara, a ɗora kan shinkafa, da kokwamba a gefe, da ɗan romo a ƙaramin kwano. Sai ɗan haɗin da ake tsoma naman a ciki: citta, tafarnuwa, barkono, lemon tsami, sukari kaɗan, da wani abu da suke yi da ruɓaɓɓen waken suya.

Na ce, "Ba tumatir?"

"Babu."

"A wane lokaci ake soya kazar?"

Ya yi murmushi. "Ba a soyawa. Fara ake cinta."

Sannan ya roƙe ni kada in gaya wa manaja, amma shinkafar nan da ake kawo masa, su ba sa cinta a gida. Turara ta ake yi a busar don mutanen waje. Su ɗanya suke ci, mai taushi. Na ɗan yi tunani, na gane abin da yake nufi shi ne irin wadda muke tuwo da ita.

Dole na gaya wa manaja, don shi zai ba da izini. Malam Garba ya kalli buhunsa mai hoton giwa, kamar wanda aka ce masa agogonsa jabu ne. Daga baya ya kira Baba Audu, aka yi magana a gabana.

Baba ya ce, "Shinkahwar tuwo? Da kaza bisa? Ranka shi daɗe, wanga ai tuwo za shi zama."

Manaja ya ce, "Baba, mun gwada namu duka. A bar ta ta gwada. In ya ci, ka ba ta murhu har ta gama. In bai ci ba, ai albasarta na nan."

"Shi ke nan. Malama, ga kicin."

Na yi masa bayanin komai dalla-dalla, har batun rashin suya. Ya ce, "To, to." Ladi kuwa da ta ji zancen ruɓaɓɓen waken suya sai ta fashe da dariya, ta ce ashe 'yan'uwanta ne a Tailan, ai su ma a garinsu da shi suke daddawa. Washegari ta zo da ita ƙunshe a ganye. Manaja ya aika gonar kaji da ke kan hanya aka sayo guda ɗaya irin ta gidan gona, mai kitse, wadda ba ta daɗewa a wuta.

Ranar Laraba bayan Azahar Baba ya tafi duba wani ɗan'uwansa a Rafin Guza, ya bar mini kicin. Na auna shinkafa da kofi, na auna ruwa da kofin, na sa ido a agogon bango. Da na buɗe tukunyar, ƙamshin ya sa Ladi ta bar wanke-wanke ta leƙo. Shinkafar ba ta zama tuwo ba. Kazar ta nuna luɓus, fara sol, fatarta tana ƙyalli. Na ɗauke ta a hankali na sa a faranti, na rufe da ƙyalle, na tafi salla. Ladi ma ta fita kwashe shanya saboda hadari ya taso.

To mun dawo ƙarfe huɗu da minti ashirin. Da na shiga kicin, Baba Audu yana tsaye gaban babban kasko, ya naɗe hannun riga, yana juya cinyar kazata a cikin man gyaɗa. Ta riga ta yi ja. Fuskarsa cike da fara'a.

"Malama, Allah ya sa na dawo da wuri. Sauran kaɗan ki ji kunya."

Na tsaya riƙe da darduma. Na ce, "Baba, ai na ce ba a soyawa."

"Na ji ki sarai, ɗiyata. Amma da na ɗaga ƙyallen na gan ta kwance hwara tas kamar wadda anka hiddo daga ruwan higa, sai na ce a'a. Tun ina yaro nike wanga aiki, kaza ba ta taɓa hita kicin ɗina haka ba. Mi baƙo za shi ce? Shi koma garinsu shi ce mutanen Kaduna na rowar mai?"

Ladi ta shigo da zannuwa a kafaɗa, ta ga kasko, ta ga fuskata. Ta ce, "Baba, kai dai ko ƙwai ka gani fari sai ka tausaya masa."

"Ke rufe mini baki. Ke a gidanku baƙo shi zo ki ba shi kaza ba suya?"

"A gidanmu baƙo ya zo, kazar ma gudu take yi."

Ku gane, Baba ba mugunta ya yi ba. A wurinmu girman baƙo a suya yake, da yawan kwanuka. Dafaffen nama fari, a idonmu, aikin da ba a gama ba ne. Shi ceto na ya zo yi. Wannan ne ya sa abin ya fi mini wuya, don da faɗa ya yi mini, da na yi kuka na huta. Na san in na yi shiru kamar yadda na saba, za a kai soyayyiyar kaza, tire ya dawo, gobe a ɗauke baƙo, ni kuma in maimaita shekara. Ga shi ban isa in yi wa dattijo gardama a kicin ɗinsa ba.

Na ce, "Baba, ina roƙon alfarma ɗaya."

"Faɗi."

"Ka kai masa da kanka."

Ya dube ni. Babban kuku ba ya ɗaukar tire, wannan kowa ya sani. Baba bai taɓa ganin baƙon ido da ido ba tun da ya kwanta, farantansa kawai yake gani. Ina jin ya ɗauka so nake a yaba masa a gabana. Ya sa farar hularsa ta aiki, ya jera naman da yankakkiyar albasa da tumatir, ya ce in biyo shi in yi tafinta.

Alhajin Tailan yana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe shi da bargo. Da ya ga dattijo sai ya yi ƙoƙarin miƙewa, Baba ya hana shi. Suka yi sallama. Baba ya buɗe farantin da kansa. Ƙamshin suyar ya cika ɗakin, irin wanda ni da ku za mu haɗiyi yawu. Baƙon ya haɗa tafin hannunsa, ya ce da Hausar da ya koya, "Na gode, Baba." Ya ɗauki ƙaramar tsoka ya kai kusa da baki, sai maƙogwaronsa ya motsa, ya kawar da fuska wajen taga. Ya ajiye ta a hankali. Ya sake cewa, "Na gode."

Baba bai nemi in fassara komai ba. Ya tsaya yana kallon wuyan hannun mutumin, inda agogo ya zame har kusa da gwiwar hannu. Ya rufe farantin muka fito.

A baranda ya tsaya. Ya ce, "Na taɓa kwantawa ciwo a Ikko, ina yi wa wani Bature aiki. Matarshi ta yi ta kawo mini miyar gwangwani, mai tsada ko. Ni ko ba abin da raina ke so sai hura da nono." Ya miƙa mini tiren. "Wata kaza ta rage?"

"Babu, Baba. Ita ke nan. Gonar ma sun rufe."

Sai ya zaga bayan kicin. Baba yana da wani jan zakara da yake kiwo a nan, mai faɗa da kowa, har manaja ya taɓa kora. Yana tattalinsa ne don zuwan iyalinsa daga Sakkwato. Muka jiyo fuka-fukai da kuka a gindin gwanda, Ladi ta leƙa ta taga.

"Baba, Sarkin Yaƙi za ka yanka?"

"Ɗora ruwan zahi ki bar tambaya."

Ni kuwa sai wata damuwar ta kama ni. Abin da baƙon ya koya mini na kaza mai taushi ne, wadda take nuna tare da shinkafa. Zakaran Hausa kuwa, kafin ya nuna shinkafa ta zama kunu. Na ce ko mu dafa shi daban, mu ɗora a kan shinkafar ɗazu.

Baba ya ce, "Majinyaci za ki kai ma ɗumame? Waccan ta ma'aikata ce. Mi yac ce miki, tukunya nawa?"

"Ɗaya."

"To ɗaya za mu yi. Sai dai zakara shi riga shiga."

Haka muka yi. Na cire kitsen na ajiye gefe, ɗan kaɗan ne amma rawaya shar. Muka sa zakaran a tukunya da citta da tafarnuwa da gishiri. Baba ya tsinko ɗanyar gwanda, ya fere ɗan yanki ya jefa, ya ce ita za ta karya masa taurin kai. Ya ɗauko dunƙulen magi da kori, na ce, "Baba." Ya mayar da su aljihu. Bayan ɗan lokaci na ga hannunsa ya nufi kwanon jajjage. Na sake cewa, "Baba." Ladi ta ce ita dai yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Malama ta yi magana sau biyu a awa ɗaya.

Ruwan sama ya sauko, muna zaune muna jiran zakara. Ma'aikata suka shigo suka cinye shinkafar farko da soyayyiyar kazar, maigadi har da barbaɗa yaji, yana cewa dafa-dukan Tailan ba laifi, sai dai an manta manja. Ni kuwa na daka citta da tafarnuwa da barkono kaɗan, na dama daddawar Ladi da ɗan romo na tace, na matsa lemon tsami, na sa sukari. Baba ya ɗanɗana da bayan cokali, ya yamutsa fuska, ya sake ɗanɗanawa, sannan ya sake.

Da naman ya yi taushi muka tsame shi, muka juye romon a kwano. A tukunyar na narkar da kitsen, na soya tafarnuwa da citta, na zuba shinkafar tuwo na juya. Na ɗauko kofina zan auna romo, Baba ya ture shi. Ya zuba da ludayi, ya tsoma yatsa har ya taɓa saman shinkafa, romon ya tsaya daidai gaɓar farko. Na ƙyale shi, don jiya baƙon ya nuna mini yatsarsa ya ce haka mahaifiyarsa take aunawa, ni ce na mayar da shi lissafin kofi. Muka mayar da zakaran a kai, Baba ya shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashin murfi don kada tururi ya tsere, na rage wuta.

Mun yi Magariba ke nan direba ya fara hon. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne mai tsari, sharaɗin da ya sa kafin ya yarda in yi wannan karatu shi ne kada motar bakwai ta taɓa barina. Na sauke tukunyar, amma tana bukatar ta ɗan zauna a rufe kafin a buɗe. Ladi ta riga ta ɗauki jakarta. Ma'ana, zan tafi in bar farar kaza a hannun Baba Audu karo na biyu, ga kaskonsa can a gefe, man bai ma huce ba.

Na ce, "Baba, a yanka sirara. Kokwamba a gefe. Romo a ƙaramin kwano."

"To, to."

Irin "to, to" ɗin jiya ce sak. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kaskon.

"Tahi, ɗiyata, kar Alhaji mahaihinki shi yi hushi."

A mota Ladi ta ce mu yi caca, ita ta ce zai soya ko da fiffike ɗaya ne, don hannunsa ba ya jin magana. Ban yi dariya ba.

Da safe da muka iso na wuce kai tsaye wajen ɗakin baƙon. Ƙofa a buɗe, gado a gyare, manyan takalmansa na aiki ba sa nan. Na tambayi maigadi, ya ce shi dai ya ga motar kamfani ta ɗauke shi da sassafe, bai san ina suka nufa ba. Na ce, "Ya ci abinci jiya?" Ya ce shi aikinsa ƙofa. Na nemi manaja, aka ce ya wuce babban ofis. A kicin tukunyar tana kife a wanke, ba abin da za ta gaya mini. Har kwandon shara na leƙa, an riga an zubar. Baba kuwa ranar kasuwarsa ce. Ladi ta ce in kwantar da hankalina, in ma an kore ni ta ɗauke ni aikin daddawa. Na jawo kwandon albasa na zauna a inda na saba.

A wannan zaman ne na fara fahimtar abin da nake nanata muku kullum. A aikinmu kowa yana dafa wa baƙo abin da shi kansa yake ganin girma ne, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Manaja ya yi da buhunsa, Baba ya yi da kaskonsa, ni ma da kofina. Shi ya sa nake tura ku ɗakuna ku tambaya, nake kuma tura manyan kukunmu su ga fuskar wanda suke ciyarwa. Tire da ya dawo ba ya bayani. Kuma duk abin da kuka dafa wanda bai yi kama da namu ba, kada ku bar shi shi kaɗai a kicin, don akwai mai ƙaunarku da zai zo ya ƙarasa muku shi.

Wajen hantsi Baba Audu ya shigo, ɗan dako yana biye da shi da kaya. A hannunsa akwai kajin Hausa biyu, an ɗaure ƙafafunsu. Ya gaida Ladi, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya gaishe ni, ya tambayi iyayena, Alhaji da Hajiya, ya tambayi ruwan jiya ko ya shiga mana gida. Ya yi mitar tsadar tattasai. Ya zauna ya cire takalmi ya sha ruwa. Ni kuwa albasar da ke hannuna na yanka ta har ta kusa zama gari. Ladi ta harare ni, ta nuna shi da haɓa.

Na ajiye wuƙa. Na ce, "Baba, don Allah, ya ci?"

Ya goge gemunsa, ya duba ƙasan kofin kamar akwai abin gani a ciki.

"Ya ci. Ya nemi ƙari. Ƙashin Sarkin Yaƙi ma sai da ya tsotse, yac ce irin kajin ƙauyensu ne. Yau ya tahi wurin rijiya, da yamma shina dawowa, kuma ita yake so." Ya tura mini kajin da ƙafa, ya jawo kwandon albasar gabansa. "Tashi, ga murhu nan. Amma in kin sauke, ki kulle ta a kabad ki tahi da makulli. Jiya sai da na zauna bisa hannuwana."